Zaɓen Majalisar Arewa na 1951: ina ƙuri'ar talaka ta maƙale?

Auwalu Gwale:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Akwai tambayar da ta hana ni sakat tun jiya. Ina cikin koya wa 'yan aji darasin zaɓen farko na Majalisar Wakilai ta Arewa, wanda aka yi a 1951, sai wani yaro daga can bencin baya, wanda ko magana bai cika yi ba, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ka ce jam'iyyar Nefu ta yi galaba a cikin birnin Kano, kuma ka ce ba ta sami kujera ko ɗaya a Kaduna ba. To ina ƙuri'un suka tafi?" Na ce masa zaɓen hawa-hawa ne. Ya yi shiru, amma daga ganin fuskarsa bai gamsu ba, ni ma a raina ban gamsu ba. Don Allah wanda ya san yadda aka yi abin nan ya warware mana zare da abawa, in sami abin da zan koma masa da shi ranar Litinin.

Malam Nasiru, mai kula da zaure:
Wa alaikumus salam Malam Auwalu. Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya taɓo inda yake yi wa mutane ƙaiƙayi. Kafin a fara ina roƙo a yi magana da ladabi, don a zauren nan akwai jikokin 'yan Nefu (NEPU), jam'iyyar adawa ta su Malam Aminu Kano, akwai jikokin 'yan Enfisi (NPC), jam'iyyar su Sardauna, kuma duk ɗaya muke.

Bari in shimfiɗa tabarma. Majalisar Wakilai ta Arewa ta fara zama a Kaduna tun 1947, amma a lokacin ba jama'a ke zaɓen 'yan majalisa ba, En'e-En'e, wato hukumomin gargajiya na sarakuna, ne ke turo mutanensu, ga kuma Turawa ma'aikatan gwamnati a ciki. Da Gwamna Makfasan ya zo sai aka shiga shawarwarin sabon tsarin mulki, tun daga ƙauyuka har larduna, aka ƙarƙare da babban taron Ibadan a Janairun 1950. A can ne wakilan Arewa suka kafe a kan sai an ba su rabin kujerun majalisar tsakiya ta Legas, kuma suka samu: cikin zaɓaɓɓu 136, Arewa 68, Gabas 34, Yamma 34.

Ita kuwa majalisar Kaduna an ware mata kujeru 90 na zaɓe, aka rarraba wa larduna 12 gwargwadon yawan jama'a. Lardin Kano shi kaɗai kujera 20. To amma ba yadda muka sani yanzu ba ne, a ce ga mazaɓa, ga akwati, ka jefa wa wanda kake so ya tafi Kaduna. Magidanta masu biyan haraji ne za su taru a ƙauye ko unguwa su fitar da wakilai. Waɗannan wakilai su je gunduma su sake fitar da wasu daga cikinsu. Daga nan a hau matakin masarauta, sannan a je taron ƙarshe na lardi, inda 'yan tsirarun da suka rage za su zaɓi masu tafiya Kaduna. Wani wurin hawa huɗu, wani wurin har biyar. An kwashe watanni ana wannan tankaɗe da rairaya kafin majalisa ta zauna a farkon 1952.

Baba Ɗanjuma:
Nasiru ka faɗi daidai, amma ka faɗe shi a bushe. Ni shekarata bakwai lokacin. Mahaifina tela ne, kekensa na zaure, kuma zauren nan nan ne majalisar 'yan Nefu a unguwarmu. Ranar da aka yi na matakin farko, da hantsi, na bi shi har fili ina riƙe da gefen rigarsa. An shimfiɗa wa mai unguwa tabarma a gindin durumi, malamin haraji na gefe da littafi a cinya, ɗan doka na tsaye da kulki. Ba akwati, ba labule. Za a kira sunan mutum, mai so ya ɗaga hannu. Ka ga kenan hannunka na sama, idon mai unguwa na kanka, kuma shi ne zai yanka maka haraji bana.

Na ga mutanen da suka sha shayi a zaurenmu daren jiya suna rantsuwa, da aka zo ɗaga hannu suka sunkuyar da kai suna wasa da ƙasa. Ban taɓa zarginsu ba, suna da iyali. Mahaifina ya ɗaga, har da miƙewa a kan yatsun ƙafa don a gan shi. Mutuminsu ya ci a unguwar. Da daddare aka dafa shayi har aka kwana ana "Sawaba, sawaba". Bayan 'yan makonni labari ya zo cewa a can sama duk an zubar da su. Ban manta yadda ya ajiye almakashi ya daɗe bai ce uffan ba. Harajinsa kuwa a shekarar ya tashi, ba tare da ya ƙara keke ko ya ƙara mata ba.

Auwalu Gwale:
Allah ya ji ƙan Baba, ya sa ya huta. Baba, wato tun a matakin farko ma akwai tsoro. To amma waɗanda suka tsallake fa? Su ma ai wakilai ne, me ya hana su zaɓi junansu har sama?

Malama Rabi:
Malam Auwalu, abu biyu ne suka hana. Na farko lissafi. Ƙarfin Nefu a birane yake, Kano da Jos da Kaduna da Zariya da garuruwan bakin dogo irin su Nguru. Amma kujerun na lardi ne baki ɗaya. Wakilan birni in sun je taron lardi sai su tarar da wakilan karkara sun ninka su, kuma waɗannan yawanci dagatai ne da hakimai da malaman En'e, tunda a ƙauye wa zai ɗaga hannu ya ƙi dagacinsa? Ko ka cinye birni kaf, a taron ƙarshe ka zama gishiri a cikin kogi.

Na biyu shi ne ya fi ci mini rai. Doka ta ba En'e dama ta cusa nata mutanen kai tsaye cikin taron ƙarshe, har kashi 10 cikin 100 na yawan masu zaɓe. Ba su bi ta ƙauye ba, ba su bi ta gunduma ba. Kuma ba zaɓe kawai za su yi ba, su ma ana iya zaɓensu. Saboda haka mutumin da talakawa suka kayar a unguwarsu yana iya shigowa ta wannan taga, ya zauna a taron ƙarshe, a zaɓe shi, ya tafi Kaduna a matsayin wakilin waɗanda suka ƙi shi. An yi hakan a Kano. Ka gaya wa ɗalibinka nan ƙuri'ar ta maƙale.

Alhaji Ummaru Sakkwato:
Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma Baba Ɗanjuma, wallahi labarinka ya taɓa ni. Amma ku bari mu ma a ji ta bakinmu, don ba a yanke hukunci da jin ɓangare guda.

Ku tuna wace Arewa muke magana. Ƙidayar 1952 ta ba mu mutum kusan miliyan 17, a ƙasar da ta fi rabin Najeriya faɗi, hanyoyin mota kaɗan, da damina wasu gundumomi sai da doki ko jirgin ruwa. Babu rajistar masu zaɓe in ba littafin haraji ba. Waɗanda sunka yi karatun boko har sunka iya zama su karanta daftarin kasafin kuɗi da Turanci, nawa ne? Kuma ina suke aiki? Kusan dukansu En'e, ko malaman makaranta, ko malaman asibiti, ko magatakarda. Hujjar da anka bayar ta kashi 10 ɗin nan ke nan: kada a wayi gari an tura Legas mutanen da ba su iya buɗa baki gaban lauyoyin Kudu. Sannan kada a manta, Yamma da Gabas ma zaɓen hawa-hawa sunka yi a 1951, ba mu kaɗai ba.

Ku dubi kuma waɗanda wannan zaɓe ya fitar. Sardauna Ahmadu Bello, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, Makaman Bida Aliyu, Muhammadu Ribaɗu, Shettima Kashim Ibrahim. In itace an san shi da 'ya'yansa ne, to ga 'ya'yan.

Malama Rabi:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, ban musa ƙarancin 'yan boko ba. Amma in don ilimi aka buɗe tagar, Malam Aminu Kano ba ɗan boko ba ne? Ya yi Kwalejin Kaduna, ya je Landan karatun koyarwa kamar yadda Tafawa Ɓalewa ya je. Malam Sa'adu Zungur fa? Wace En'e ce ta cusa irinsu? Tagar ta masu ilimi ce, amma masu ilimin da fada ta yarda da su.

Kuma gaskiya ne Kudu ma sun yi hawa-hawa, sai dai matakansu ba su kai namu yawa ba, kuma a Legas kai tsaye aka zaɓa. Tankaɗe sau biyu da tankaɗe sau biyar ba garinsu ɗaya ba.

Sadiƙu:
Ni dai yaro ne a nan, ina koyo. Amma abin da nake karantawa ya yi mini kama da zaɓen daliget na fitar da gwani da ake yi yanzu. Ana tara mutane kaɗan a ɗaki, su yanke wa miliyoyi. Tambayata, tunda Malam Aminu ne ya kafa Nefu kuma yana da farin jini haka, me ya sa bai ce a ƙaurace wa zaɓen ba tun farko?

Baba Ɗanjuma:
Jikana, gyara kaɗan. Ba Malam ne ya kafa Nefu ba, ko da yake shi ya zama ruhinta. Ranar 8 ga Agustan 1950 wasu samari suka kafa ta a Kano, cikinsu akwai Abba Maiƙwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin da Maitama Sule. Malam a lokacin yana koyarwa a Maru, ma'aikacin gwamnati ne, sai daga baya a shekarar ya ajiye aiki ya dawo. Shugabancin jam'iyyar sai a 1953 ya karɓa.

Batun ƙauracewa kuwa, ka sa kanka a matsayinsu. Tun da aka haife ka ba a taɓa tambayarka wa kake so ba. Sarki ya naɗa hakimi, hakimi ya kawo dagaci, kai naka biyan haraji da jangali da aikin tilas. Rana ɗaya aka ce fito fili ka faɗi wanda kake so. Ko da ka san za a murɗe a sama, za ka zauna a gida? Mahaifina cewa yake ranar ce ya fara sanin hannunsa na da wani amfani ban da ɗinki.

Malam Nasiru, mai kula da zaure:
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma a ganina shi ne babban abin da zaɓen nan ya haifar. Lokacin da aka fara matakin farko, babu jam'iyyar siyasa mai suna Enfisi. Akwai dai Jam'iyyar Mutanen Arewa, ƙungiyar 'yan boko ta al'adu da wayar da kai, wadda ta yi babban taronta na farko a Kaduna a 1949, Dakta Dikko na shugabanta. 'Yan Nefu ma a cikinta suke, sai a taron Jos na Disamban 1950 aka raba gari. Bayan nan ƙungiyar ta yi sanyi, don sarakuna ba su sake da ita ba, ma'aikatan gwamnati kuma an hana su siyasa.

Da sakamakon birane ya fara fitowa aka ga inda iska ke kaɗawa, sai hankalin manya ya tashi. Ranar 1 ga Oktoban 1951, ana tsakiyar zaɓe, aka shelanta cewa Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama jam'iyyar siyasa, wato Enfisi, Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka shigo. Shi ya sa in ka ji an ce Enfisi ta ci kujera 64 cikin 90, ka fahimce shi da kyau. Ba wai ta zaga ƙauyuka da tuta ta nemi ƙuri'a ba ne. Mutanen da tsarin ya tace ne suka taru a ƙarƙashin inuwarta. Wato majalisa ce ta gina jam'iyya, ba jam'iyya ce ta gina majalisa ba.

Alhaji Ummaru Sakkwato:
Malam Nasiru, wannan na yarda da shi, haka anka yi. Amma kada a maida mutanen nan kamar 'yan amshin shatan sarakuna. A watan Agustan 1950, cikin wannan majalisa ta Kaduna, wa ya miƙe ya kawo ƙudurin a binciki tsarin En'e a gyara shi? Tafawa Ɓalewa ne. Ya yi magana kan yadda talaka ba shi da ta cewa da yadda cin hanci ya yi katutu, sarakuna sunka ji zafi ƙwarai, ƙudurin kuma da ƙyar ya wuce. Bambancinsa da Malam Aminu shi ne, shi yana ganin a gyara gida ana ciki, Malam na ganin ginin ya ruɓe tun daga tushe. Kuma gyaran ya zo: ba a daɗe ba anka soke tsarin sarki shi kaɗai wuƙa da nama, anka koma sarki da majalisarsa. Sarakuna nawa ne sunka bar gadon mulki a zamanin Sardauna? Har Sarkin Kano Sanusi a 1963. Wanda ke amshin shata ba ya haka.

Ni kakana malamin gona ne na En'e. Bai taɓa dukan kowa ba, bai ci na kowa ba, ya mutu gidansa na ƙasa. In ana zagin "mutanen En'e" jumla, har da irinsu ake haɗawa, kuma yana yi mini ciwo.

Baba Ɗanjuma:
Alhaji, Allah ya ji ƙan kakanka. Ban zage shi ba, kuma na san irinsu da yawa. Wanda ya koya mini karatun boko da daddare kyauta ma malamin En'e ne. Tsarin muke magana. Tsarin da ya sa mai yanka maka haraji, da mai kama ka, da mai yi maka shari'a, da mai tsare ka a gidan yari, da mai ƙirga hannunka ranar zaɓe, duk albashinsu daga baitulmali ɗaya yake fitowa. Ko waliyyai ka zuba a irin wannan tsari, talaka zai ji tsoro.

Isuhu Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ina biye da ku tun ɗazu, na ce bari in leƙo da namu, don abin ya yi kama ƙwarai. Mu nan Nijar an fara zaɓen majalisar ƙasa tun ƙarshen 1946, amma Faransa rumfa biyu ta yi: ɗaya ta masu takardar zama Bafaranshe, su kaɗan ne amma kujerunsu da yawa, ɗaya ta sauran 'yan ƙasa, kuma nan ma ba kowa ba, sai sarakai da ma'aikata da tsoffin soja da masu wasu takardu. Da Turawa sunka ga jam'iyyar PPN ta su Diori Hamani ta haɗa kai da RDA, babbar ƙungiyar siyasa ta ƙasashen Afirka renon Faransa, tana ƙarfi, sai anka kafa wata a nan Maraɗi a 1948, UNIS, wadda sarakuna da gwamnati ke mara wa baya. A zaɓen 1952 ita ta kwashe kusan duk kujerun rumfar 'yan ƙasa. Kun ga dabara guda ce, Bature biyu.

Inda munka sha gabanku shi ne 1956, da anka yi dokar da ta ba kowa ƙuri'a, mace da namiji, rumfa guda. A zaɓen Maris 1957 jam'iyyar Djibo Bakary ta samu kujera 41 cikin 60. Kuma sunan da jama'a sunka san ta da shi, Sawaba. Kalma guda ce ke yawo daga Kano zuwa Damagaram, iyaka ba ta tsaida ta ba.

Malama Rabi:
Malam Isuhu, ka taɓo mini inda nake jira. Duk wannan muhawarar da muke yi, ta rabin jama'a ce. A 1951 ko filin ba a bar mace ta je ba. A 1956 haka, a 1959 haka, alhali matan Kudu sun jefa ƙuri'a a 1959. Macen Maraɗi ta yi zaɓe a 1957, 'yar uwarta ta Katsina, tafiyar yini ɗaya tsakaninsu, sai da ta jira har 1976. Kakata ta rasu tana ba mu labarin yadda ta fara dangwala yatsa a 1979 tana da jikoki, ta ƙi wanke tawadar har kwana biyu. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan wannan magana tun tana yarinya a Zariya. Malam Auwalu, in akwai 'yan mata a ajinka, kada ka tsallake wannan.

Yakubu daga Jos:
Gaisuwa ga kowa. Ina so in ƙara cewa labarin ba na Nefu da Enfisi kaɗai ba ne. A lardunan Filato da Binuwai da kudancin Zariya mutane na da nasu damuwar, tsoron kada majalisar Kaduna ta zama ta masarautu zalla. Daga nan ƙungiyar Middle Zone League ta fito, su Fasto David Lot, wadda daga baya ta shiga cikin abin da ya zama UMBC, jam'iyyar mutanen tsakiyar Najeriya, a 1955. Kuma da aka zo naɗa ministocin farko a Kaduna a 1952 an sa Peter Achimugu daga ƙasar Igala. A wurarenmu inda sarauta ba ta da irin ƙarfin ta Kano ko Sakkwato, malaman makarantun mishan sun fi samun hanyar tsallake matakan nan. Tsari ɗaya ne a takarda, amma yadda ya yi aiki ya danganta da nauyin rawanin da ke wurin.

Auwalu Gwale:
Wannan batu na Yaya Yakubu ban taɓa tunaninsa ba. To su 68 na Legas fa, su ma an sake komawa ƙauye ne?

Malam Nasiru, mai kula da zaure:
A'a. Nan ma wani hawan ne a kan hawa. 'Yan majalisar wakilai da na majalisar sarakuna ne suka zauna suka fitar da su daga cikinsu. Saboda haka wanda bai shiga zauren Lugga na Kaduna ba, inda majalisar Arewa ke zama, ba shi da hanyar Legas. Daga cikinsu aka ɗauki ministocin tsakiya huɗu na Arewa: Tafawa Ɓalewa a ayyuka, Ribaɗu a albarkatun ƙasa, Kashim Ibrahim, da Sarkin Katsina Usman Nagogo. A Kaduna kuma Sardauna ya fara da ministan ayyuka, Makaman Bida ya riƙe ilimi. Har lokacin dai Bature ne ke shugabantar majalisar zartarwa, Sardauna bai zama Firimiya ba sai Oktoban 1954.

Waɗannan 68 ɗin su ne ke zaune a Legas ranar 31 ga Maris 1953 da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin mulkin kai a 1956, Sardauna ya ce a canza zuwa lokacin da ya dace. Aka yi musu ihu a titi, abin ya kai ga rikicin Kano na watan Mayu, tsarin Makfasan ɗin ma ya rushe. Bai yi shekara huɗu ba.

Alhaji Ummaru Sakkwato:
To a nan nake so Malama Rabi ta ba ni amsa tsakani da Allah. Da a ce Nefu ce ke da rinjaye a 1953, ga ta ƙawar NCNC, jam'iyyar su Azikiwe ta Kudu, da sun bi Kudu an karɓi mulki a 1956. Ma'aikatan gwamnati 'yan Arewa nawa gare mu a lokacin? Da wa zai riƙe ofisoshin Kaduna? Jinkirin nan shi ya ba da damar horar da namu. Sannan da anka zo zaɓen 1959, kai tsaye, akwati a ɓoye, ba hawa-hawa, ba kashi 10, wa ya ci Arewa? Enfisi, da rata mai nisa. Ashe ba taga kaɗai ta ba su nasara ba.

Malama Rabi:
Tsakani da Allah, Alhaji, tambayarka ta farko tana da nauyi, kuma na yarda tsoron da suka ji ba na banza ba ne. Ta biyun ce ban sakar maka ba. Daga 1951 zuwa 1959 shekara takwas ne. A cikinsu wa ke ba da izinin yin lacca? En'e. Wa ke da alƙalai da 'yan doka da gidan yari? En'e. Su wa ke minista, su wa ke raba rijiya da makaranta da asibiti? Waɗanda 1951 ta ɗora. Mutum ya riga ka hawa doki da shekara takwas, sannan a ce ku yi tsere. Duk da haka da aka ɗan buɗe ƙofa a 1956, aka yi zaɓe kai tsaye a wasu birane, 'yan adawa sun shiga majalisar Kaduna, Ibrahim Imam ya ci a Yerwa. A 1959 kuma Malam Aminu ya ci Kano ta Gabas ya tafi Legas. Mutanen ba su canza ba, hanyar ƙirga su ce ta canza.

Ban ce da an yi adalci Nefu za ta ci Arewa ba. Ba za ta ci ba, karkara ba tata ba ce a lokacin. Amma da ta sami ko kujera biyar a 1951, da an saba jin muryar adawa a zauren tun ranar farko, da ba a ɗauki ɗan hamayya a matsayin ɗan iska mara kunya ba. Rashin wannan sabo ya jawo mana ɗauri da bulala da gudun hijira na shekaru.

Alhaji Ummaru Sakkwato:
Kujera biyar ɗin nan na ba ki, Malama. Da an bari sun shiga da ya fi. Sauran kuwa kowa ya riƙe nasa.

Auwalu Gwale:
Na gode ƙwarai iyayena. Ga abin da na shirya. Ajina mutum 60 ne, benci 12. Ranar Litinin kowane benci zai fitar da mutum ɗaya ta ɗaga hannu, monita na tsaye yana rubuta sunan wanda ya ɗaga wa wa. Su 12 ɗin su fitar da shida. Sannan ni, a matsayin En'e, in ɗauko ɗaya daga cikin waɗanda aka kayar a benci in cusa shi, su bakwai su zaɓi biyu. 'Yan mata kuma su tsaya a bakin taga suna kallo har a gama, sannan in tambaye su yadda suka ji. Zan kuma karanta musu hujjar Alhaji Ummaru yadda ya faɗe ta, don su ji ɓangare biyu.

Baba Ɗanjuma, in ka yarda zan ba su labarin mahaifinka, ba tare da suna ba.

Baba Ɗanjuma:
Na yarda, ɗana. Rasit ɗin harajinsa na shekarar da ta gabata da na shekarar zaɓen duk suna nan cikin adakar mahaifiyata, an naɗe su a tsumma tare da katinsa na jam'iyya. Gobe in jikata ta dawo daga islamiyya zan sa ta ɗauki hotonsu ta rufe sunan, ta turo maka ka nuna wa yaran su kwatanta da idonsu.